Yadda ake gane tsohuwar wuƙar Bahar Rum, a tsaftace ta, a adana ta

A gidajen fatake da gidajen sarauta na ƙasar Kano da Jigawa, ba abin mamaki ba ne a buɗe adakar wani dattijo bayan rasuwarsa a tarar da wuƙa a ƙasan tsofaffin riguna, wadda ƙirarta ba ta maƙeran nan ba ce. Wata ta biyo ayarin raƙuma daga Tarabulus ta Gadamas da Gat, wata alhaji ne ya sayo, wata kuma wani da ya yi zaman Libiya ko Aljeriya ya zo da ita shekarun baya. Hanyar tsohuwa ce. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushe matafiyi, ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana shigo da ruwan takubba masu yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus, a yi musu ƙota da kube a nan gida.

Abin da magada suka fi yi idan sun ga irin wannan wuƙa shi ne su kai ta wurin mai injin wasa ranar kasuwa, ya goge ta har ta yi fari tas. Cikin minti uku an share tambarin maƙerin da ya ƙera ta, an share rubutun jikinta, an zaftare kashi mafi girma na darajarta. Don haka kada ka wasa, kada ka goge, kada ka shafa komai sai ka san abin da ke hannunka.

Fitar da ita daga kube

Idan ta ƙi fita, kada ka sa ƙarfi. Tsatsa ce ta kumbura ta kama cikin kuben, kuma fizga ɗaya kan raba ƙota da ruwan wuƙa ko ta tsinke ɗinkin fata. In kuben ƙarfe ne ko tagulla, ka tsayar da wuƙar tsininta ƙasa, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo huɗu ko biyar a bakin kuben, ka bar ta kwana biyu. Sannan ka riƙe ƙotar, ka riƙa bubbuga leɓen kuben a hankali da guntun itace, kana juyawa ta kowane gefe. In kuben fata ne, mai ba zai taimaka ba, fatar ce za ta shanye shi ta yi baƙi. Sai dai ka riƙa matsa gefunan kuben biyu da yatsu don bakinsa ya ɗan buɗe, kana motsa wuƙar kaɗan-kaɗan. Kaifin ya kalli waje, yatsunka kada su kasance a kan layin ɗinki, domin tsohon ɗinki ba ya tare kaifi. Wanda tsatsattsiyar wuƙa ta yanka ya je asibiti a yi masa allurar tetanus.

Da ta fito, ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka ɗauki hotonta da waya gaba da baya, da hoton kowane tambari a kusa. Ka auna tsawonta duka da tsawon ruwan kawai. Ka rubuta sunan wanda ya bari, da abin da tsofaffin gidan suka sani a kanta, tun suna da rai.

Gane ƙasar da ta fito

A nan ƙasar, waɗanda aka fi cin karo da su na gaɓar kudu ta Bahar Rum ne, wato Arewacin Afirka. Kummiya ta Maroko ba ta ɓuya: tsawonta wajen santimita 40, rabin ruwanta na sama miƙaƙƙe, rabin ƙasa ya lanƙwasa, kan ƙotarta ya baje kamar jelar ɗawisu. Kubenta na itace ne da aka lulluɓe da tagulla ko azurfa, yana da kunnuwa biyu da ake zura igiyar ratayawa a kafaɗa, kamar hamilar takobi. Sau da yawa fuskar da ke kallon waje ita ce mai azurfa da zane, wadda ke manne da jiki tagulla ce kawai. Wannan ba alamar jabu ba ce, haka ake yin ta.

Filisa ta mutanen yankin Kabiliya na Aljeriya kaifi ɗaya gare ta, bayanta miƙaƙƙe, cikinta ya ɗan kumburo sannan ya tsuke zuwa dogon tsini. An cusa tagulla a jikin ruwan da zanen kusurwa uku-uku, kan ƙotar kamar kan dabba, kuben kuma itace ne da aka sassaƙa. Akwai gajeru, akwai masu tsawon takobi. Wuƙar damtse ta Buzaye, mai ƙota kamar gicciye da zoben fata ko tagulla da ake zura hannu, ita ta Sahara ce, kada a haɗa ta da waɗannan, ko da yake dillalai kan cakuɗa su a tabarma ɗaya.

Na gaɓar arewa sun fi wuya a samu, amma su aka fi ɗora wa labari. Tsibirin Kosika, da ke ƙarƙashin Faransa, yana da iri biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko siririyar wuƙa ce miƙaƙƙiya mai kaifi biyu da tsini kamar basilla, ƙotarta ta tsuke a tsakiya, ba ta naɗewa, an samo salonta daga wuƙaƙen birnin Janowa na Italiya wanda ya mulki tsibirin har 1768. Ita ce makamin da ake sakawa a ɗamara. Na biyu wuƙa ce mai naɗewa, mai dogon wuyan ƙarfe da ƙotar ƙashi da aka yi wa zanen furanni da tawada, a ruwanta an rubuta Vendetta Corsa, wato ɗaukar fansa ta Kosika, wani lokaci da jimlar Italiyanci Che la mia ferita sia mortale, ma'ana raunin da zan yi ya zama ajali. Wannan ta biyun, duk da ban tsoron rubutunta, a garin Thiers na tsakiyar Faransa aka riƙa ƙera ta tun ƙarshen ƙarni na 19, ana kai wa tsibirin don sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Labarin Colomba da Prosper Mérimée ya wallafa a 1840 ya sa Faransawa sha'awar zancen gabar Kosika, maƙeran Thiers kuma suka ga kasuwa.

Wuƙar tsibirin Sadiniya na Italiya da aka fi sani ita ce ta garin Pattada. Tana naɗewa amma ba ta da sifirin ko makulli, matsewar ƙota ce kawai ke riƙe ruwan. Ruwan siffar ganye ne mai tsini, ƙotar ƙahon rago ce ɓari biyu da aka haɗa da ƙusoshin tagulla a kan ƙashin ƙarfe, da zoben tagulla a wuya. Ta garin Arbus ruwanta ya fi faɗi, don fiɗa. In ka ga irin wannan ƙira amma kanta a gundule ba tsini, ba karyewa ta yi ba. Dokar da Italiya ta kafa a 1908, zamanin firayim minista Giolitti, ta taƙaita yawo da wuƙa mai tsini, sai maƙera suka riƙa yin marasa tsini don makiyaya da masu haƙar ma'adinai su ci gaba da riƙe kayan aikinsu. Kada ka bari maƙeri ya ce zai fitar mata da tsini.

Ta tsibirin Kirit na ƙasar Girka ƙarshen ƙotarta ya rabu biyu kamar bakin da aka buɗe, ta ƙaho ko farin ƙashi, ruwan miƙaƙƙe mai kaifi ɗaya, kuma akan zana baitin waƙa mai layi biyu a jikinsa da haruffan Girkanci. Har yau akwai layin maƙeran wuƙa a birnin Haniya. Nabaha ta Sifaniya kuwa, wadda garin Albacete ya shahara da ita, kunne ke gane ta: tana da haƙora a gindin ruwan, idan ana buɗe ta sai ta yi ƙara kar-kar-kar.

Labarin jinin da ake ɗora mata

Dillali zai ce maka wannan wuƙa ta sha jini, ya nuna maka baƙin tabo ya ce shaida ke nan. Tabon tsatsa ce. Jinin da ya shekara ɗari ba ya barin alamar da ido zai bambanta da ta gumin hannu ko ɗigon ruwan rufi. Amma gabar ita kanta gaskiya ce, kuma saninta na taimaka wa mai wuƙa ya auna abin da ake faɗa masa.

A Kosika, idan aka kashe mutum, alhakin ɗaukar fansa na kan mazan danginsa. Akan ajiye rigarsa mai jini, mata su yi waƙar makoki a kan gawa suna ambaton fansa, wasu mazan su bar gemu ba aski har sai sun rama. Wanda ya yi jinkiri ana yi masa gori a bainar jama'a, gorin da suke kira rimbecco, wanda kusan ya fi mutuwa ciwo a wurinsu. Wanda ya kashe kuma sai ya shige kurmin tsibirin ya zama ɗan gudun hukuma. Pascal Paoli, da ya jagoranci masu neman 'yancin tsibirin daga 1755 zuwa 1769, ya yaƙi al'adar da hukuncin kisa da rushe gidan mai laifi, amma ba ta mutu ba. Ferdinand Gregorovius, Bajamushen da ya zaga tsibirin a 1852, ya kawo adadin kisan kai 4,300 tsakanin 1821 da 1852. Abin lura ga mai wuƙa shi ne, yawancin wannan kisa da bindiga aka yi shi, ta hanyar kwanton ɓauna a bayan dutse ko shinge. Wuƙa ta fi fitowa a faɗan da ya tashi nan take, a wurin biki ko kan iyakar gona.

Haka abin yake a arewacin Albaniya, inda dokar gargajiya da ake kira Kanun, wadda limamin Kirista Shtjefën Gjeçovi ya tattara aka buga a 1933, ta tsara komai: ba a kashe mutum a cikin gidansa, ba a taɓa mata da yara, wanda ya yi kisa ya aika a sanar da dangin mamaci, ya nemi amanar awa 24 da suke kira besa, har ya halarci jana'iza, kuma gari na iya nema masa ta kwana 30. Duk wannan doka da bindiga take magana. A yankin Mani na Girka iyalai sun gina dogayen soraye na dutse suna harbin juna daga ciki. A Kirit, ƙauyen Aradena ya watse bayan gabar da ta tashi a 1948 a kan ƙararrawar wuyan akuya, aka rasa rayuka bakwai. A Sadiniya gabar garin Orgosolo ta ɗauki daga 1905 zuwa 1917. Kuma kowane wuri yana da masu shiga tsakani: a Kosika ana ce musu paceri, a Kirit sulhun sunansa sasmos, a Kosobo kuwa Anton Çetta ya jagoranci yafe jini tsakanin ɗaruruwan iyalai a 1990.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan zance. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yaƙin Basus da aka shekara arba'in ana yi saboda raƙuma guda, ya kuma ji cewa a Hajjin bankwana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke jinin jahiliyya, aka mayar da al'amarin hannun hukuma: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa.

To mene ne matsayin wuƙar a can? Alamar cikar namiji ce da kayan ado da kayan aiki. Makiyayin Sadiniya da ita yake yanka cuku da burodi, yana fiɗa da ita. Mutumin Kirit yana soke ta a ɗamara ranar biki, har saurayi kan ba budurwar da zai aura ƙarama mai kuben azurfa. Kamar dai yadda takobi yake a wurin mahayin hawan sallah a Gumel ko Kazaure. Saboda haka wuƙar da ta fi kowace cika baki da rubutun fansa ita ce ta fi kusa da zama tsarabar matafiya, wadda kuma ta ga rayuwar ƙauye da gaske sau da yawa ba ta da ado, ruwanta ya sirance saboda yawan wasawa.

Tsohuwa ce ko sabuwa

In ka ga an buga INOX a gindin ruwan, ƙarfen da ba ya tsatsa ne. A 1913 Harry Brearley ya samar da irinsa a Sheffield ta Ingila, kuma sai bayan yaƙin duniya na farko ya yaɗu a wuƙaƙe, don haka zancen shekara ɗari biyu ya faɗi. Noti mai kan gicciye, ɗigon walda, da layukan giranda masu tafiya daidai wa daida duk alamun aikin zamani ne. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya: inda hannu ke riƙewa ya fi santsi, zanen kube ya fi gogewa ta gefen da ke gugar riga, tsatsa ta fi yawa kusa da bakin kube. In ramukan tsatsa sun rufe ruwan ko'ina iri ɗaya kamar an yayyafa gero, an jiƙa ta ne a asid ko an binne ta don ta yi kama da tsohuwa.

Ƙaho da roba ana bambanta su da allura. Ka ɗora tsininta a wuta, ka taɓa wurin da ba ya nunawa, can ƙasan zoben wuya. Ƙaho warin ƙonannen gashi yake yi kuma allurar ba ta shiga, roba narkewa take. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe. Hauren giwa ba shi da su, sai layuka masu gicciye da juna a inda aka yanke shi, kuma in shi ne, ka san cinikinsa haramun ne a doka. Maganaɗisu zai nuna maka ko adon kuben ƙarfe ne da aka yi wa ruwan azurfa. Azurfar gaske baƙi take yi idan ta daɗe, gaurayen da ake kwaikwayonta da shi kuma yakan yi ɗorawa-ɗorawa ko kore.

Cire tsatsa

Tsatsa iri biyu ce. Ja ko ruwan goro, mai gari, wadda ke ɓata ƙyalle idan an shafa, ita ce mai rai, tana ci gaba da cin ƙarfe. Baƙa ko toka-toka mai santsi, wadda ta kwanta lif a jikin ruwan, ta riga ta mutu, kariya ce ma, kuma ita ce shaidar shekaru. Ja kaɗai ake cirewa.

Kayan aikin ba su da yawa: kananzir rabin kofin shayi, man keken ɗinki, tsummokin auduga masu tsabta, tsinken itace, tsohon buroshin haƙori, guntun wayar jan ƙarfe mai kauri da aka daddale kanta da guduma ta yi faɗi kamar farce, da soson ƙarfe mafi laushi, wanda ake rubuta wa 0000. Soson wanke tukunya ba shi ba ne, yana karce ƙarfe.

Ka naɗe ƙotar da leda ka ɗaure a wuya, don kananzir kada ya shiga ƙaho ko itace. Ka jiƙa tsumma da kananzir, ka naɗe ruwan wuƙar, ka sa a leda ka bar shi kwana ɗaya a inuwa, nesa da murhu. Washegari ka kwantar da ruwan a kan katako, kaifin na kallon gaba, ka kankare ɓawon tsatsar da jan ƙarfen nan. Dalilin zaɓen jan ƙarfe shi ne ya fi tsatsa tauri amma bai kai ƙarfen wuƙa ba, don haka yana ɗaga ta ba tare da ya yi rauni ba. Zai bar jan layi, wanda mai ke gogewa. Sannan ka ɗiga mai a soson, ka riƙa shafawa daga gindi zuwa tsini, hanya ɗaya, ba zagaye ba, ba gicciye ba. Bayan kowane shafa goma ka share da tsumma ka duba. Idan tsumma ta daina fitowa ja, aiki ya ƙare, ko da ruwan bai yi haske ba. In akwai sauran ja a cikin ramuka, a sake kwana ɗaya a kananzir. Sau uku ba yawa ba ne.

Wuƙaƙe biyu ba sa son soso sam. Rubutun Vendetta da zanen da ke jikin ruwanta da asid aka ci su, ba su da zurfi, shafa kaɗan ke dusashe su. Tagullar da aka cusa a jikin filisa kuma zaren soso na kama gefenta ya ɗago ta, in ta fita ba ta komawa. Waɗannan tsumma da mai da tsinke kawai.

Akwai dabarun da ake yi wa adda da lauje waɗanda ba su dace a nan ba. Ruwan tsamiya, lemun tsami da ruwan batir suna cin tsatsa, amma suna cin lafiyayyen ƙarfe tare da ita, su bar ruwan fari fat mai ƙaiƙayi kamar harshen sa, kuma cikin mako guda sabuwar tsatsa ta dawo fiye da da. Toka da yashi da samfefa suna karce. Injin wasa ya fi su duka ɓarna, domin ban da cin ƙarfe yana zafafa shi. Da ka ga bakin ruwan ya yi shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi.

Bayan an gama, a share kananzir sarai da busasshiyar tsumma, a bar ruwan ya sha iska awa biyu, a shafa man keke ko farin basilin marar turare, siriri ƙwarai, yadda in ka taɓa ba zai kama yatsa ba. Man gyaɗa, manja da man shanu kada su kusance ta. Suna tsami, su yi danƙo, su jawo tururuwa da ɓera, a jikin tagulla kuma su haifar da koren datti. Daga nan kada a ƙara taɓa ruwan da hannu tsirara. Gishirin gumi kan bar hoton yatsa a ƙarfe cikin kwana kaɗan a watan Agusta.

Mai naɗewa a ɗiga mata ɗigo ɗaya a mahaɗa, a buɗe a rufe a hankali da hannu biyu. Kada a bar sifirin ya maka ruwan da ƙarfi, tsohon sifirin na karyewa. In ta Pattada ta saki, maƙeri na iya ɗan buga ƙusar mahaɗar a kan uwar maƙera da ƙaramar guduma, bugu biyu ko uku marasa nauyi, yana gwadawa bayan kowane bugu. Bugu ɗaya da ya wuce kima ke tsaga ƙahon.

Ƙota da kube

Abokin gabar ƙaho a ƙasarmu hunturu ne. An yi waɗannan wuƙaƙe don iskar bakin teku, a nan kuwa daga Disamba zuwa Maris iska na bushewa ƙwarai, sannan damina ta zo ta cika ɗaki da laima. Ƙahon ya tsuke ya kumbura, ya tsuke ya kumbura, ƙusoshin da ke riƙe da shi ba sa motsi, sai ya tsage daga ramin ƙusa. A farkon hunturu ka sami farin man farafin na kantin magani, ka shafa ɗigo biyu da yatsa, ka bar shi rabin awa, ka share. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Kada a jiƙa ƙota a mai, kada a bar ta a rana ko a saman bango ƙarƙashin kwano. Tsagar da ta riga ta faru a bar ta haka. Gam mai kamawa nan take yana shiga ya bushe fari, ba ya fita, kuma idan ƙahon ya motsa sai ya tsage a wani wurin. Ƙashi ba ya son mai, yana sa shi rawaya, busasshen buroshi ya ishe shi, musamman mai zanen tawada wanda ruwa ke wankewa.

In ka ga gari mai laushi a ƙarƙashin wuƙa da ƙananan huji a ƙaho ko kuben itace, ƙwari ne. Ka kakkaɓe, ka sa ta a roba mai murfi da ƙwayar kafur biyu a ƙulle cikin ƙyalle a gefe, yadda ba za su taɓa ta ba, ka rufe wata guda.

Koren da ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata a ɗebe shi da tsinke, a goge da auduga mai ɗan sifirit, a wanke hannu bayan nan domin guba ne. Azurfa a shafa mata garin alli da aka dama da ɗigon ruwa, da auduga, a saman zanen kawai. Baƙin da ke cikin ramukan zane shi ke fito da adon, a bar shi.

Sau da yawa za ka tarar ruwan baƙo ne amma kuben aikin dukawan nan ne, jar fata da kore. Kada ka jefar da shi don neman na asali, shi ma tarihin wuƙar ne. Sai dai fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, kuma sinadarin jimar na cin ƙarfe, shi ya sa wuƙar da ta shekara a cikin kube take fitowa baƙa da tsatsa. Wuƙa daban, kube daban. A fere siririn itace busasshe daidai girman ruwan a zura a kuben, in ba haka ba zai tsuke ya ƙi karɓar wuƙar. Fumfuna a kakkaɓe ta da buroshi a waje, a inuwa, sannan a ɗan shafa sifirit da ruwa rabi da rabi. A fara gwadawa a wurin da ba ya nunawa, domin jan karan dafi yana zuba. Fatar da ta bushe ƙamas a shafa mata man kaɗe kamar ƙwayar gero biyu, a murza a tafin hannu tukuna, kuma kada ya taɓa tagulla.

Ajiya da fita da ita

Akwatin katako mai kwaɗo ya fi na ƙarfe, wanda ke yin gumi idan dare ya yi sanyi. A ɗora shi a kan benci ko duwatsu, taƙi biyu daga ƙasa, taƙi ɗaya daga bangon ƙasa, saboda gara da laima. A naɗe wuƙar da wankakken farin ƙyallen auduga. Jarida tana da asid, leda tana tara gumi, ulu kuma yana baƙanta azurfa. Ƙananan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a tara biyar ko shida a jefa a akwatin da damina, a riƙa shanya su a rana mai zafi duk wata, a cire su da hunturu don kada ƙahon ya ƙara bushewa. Daga Yuli zuwa Satumba a buɗe a duba duk mako biyu. Makullin ya zauna wurin babba, ba inda samari da yara za su kai hannu ba.

Wanda zai kai ta a duba, misali gidan tarihi na Gidan Makama a Kano, kada ya soke ta a ƙugu ko ya jefa a aljihu. Jami'an tsaro a hanya ba su da lokacin sauraron tarihin Kosika. A naɗe ta, a sa a kwali a ɗaure, a riƙe hotunanta da 'yar takarda daga mai unguwa ko dagaci da ke nuna kayan gado ne. Yawanci ma hotunan sun isa a fara tambaya da su kafin a ɗauki wuƙar.

Game da sayarwa, kayan gado ne, sai duk magada sun yarda. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba shi da izini da fitar da su waje ba tare da takarda ba, kuma aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta ambata, wanda zai iya haɗawa da tsohon kube ko ƙotar da aka yi a nan ko da ruwan baƙo ne. Dillalin da ya biyo ka har gida daga kasuwar Maigatari ko Wudil yana cewa ba ta da wani amfani amma zai taimaka ya karɓa, ka ce masa za ka yi shawara, ka mayar da ita akwati, ka tura hotunan ga mutum biyu ko uku da ba su san juna ba.